Sunan da Ba Ya Fita a Bakin Dada

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, mutanena, har da ke mai cewa idan ban saki shafin nan yau ba za ki biyo ni gida da muciya. To ga shi, ki mayar da muciyarki cikin tukunya. Wanda ya shigo mana yanzu kuma, ga inda muke. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka fara zubowa, gwamnati ta gina ƙananan gidajen siminti a bayan garin Birnin Kudu, waɗanda ake ce wa lokos, za a ba masu ƙaramin ƙarfi su riƙa biya a hankali har gida ya zama nasu. Salihu, masinjan ofishin gona, ya nema. Ƙaninsa Ɗan'auta, tela a kasuwar Sara, shi ma ya nema don dai a ƙara sa'a. Doka ta ce zuri'a ɗaya gida ɗaya, kuma tun a gaban mahaifiyarsu Dada aka kashe magana: idan ya fito na Salihu ne, shi da yake cushe da mata da yara a ɗakin haya. Ya kuma fito. Yau ake raba makullai.

Mai riƙe da lasifika ya yi gyaran murya.

"Gida mai lamba bakwai. Zuri'ar marigayi Malam Barau na Sara."

Salihu ya miƙe, ya gyara hannun babbar rigarsa ta Sallah. Can ɓangaren mata, matarsa A'i ta riga ta toshe hanci za ta rangaɗa guɗa.

"Haladu Barau, wanda aka fi sani da Ɗan'auta."

Guɗar ta maƙale wa A'i a wuya.

Salihu kuwa dariya ma ya yi. Wallahi dariya ya yi, bawan Allah, don ya ɗauka mai lasifikar ne ya rikice. Ya waiga yana neman ƙanin nasa su yi dariyar tare, a gyara, a wuce wurin.

Sai ya hango shi.

Ɗan'auta ya riga ya kai rabin fili. Sabuwar hula ce a kansa. Bai waiga ba, bai yi turus ba, bai ce kai jama'a an yi kuskure ba. Ya durƙusa gaban babban jami'in da ya zo daga Kano, ya karɓi makulli da hannu biyu, aka tafa masa.

Ni dai nan ne gabana ya faɗi. Ba kiran sunan ba, rashin mamakin yaron.

*

Ƙarƙashin wata tsamiya a gefen fili suka haɗu, inda Salihu ya ajiye amalanke tun da safe. Duk abin da suka mallaka yana kai: gadon ƙarfe, katifar rimi, kwallaye, tukwane, da labulen da A'i ta ɗinka daidai faɗin tagogin gida mai lamba bakwai. Yaran suna zaune a saman kaya suna kallon manya. Dada, wadda aka ɗauko daga Sara a motar kasuwa don ta sa wa gidan albarka, tana zaune a kan turmin da aka kifa, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Kawo makullin," in ji Salihu.

Ɗan'auta ya sunkuyar da kai. Hannunsa yana cikin aljihu.

"Da kai nake. Sun yi kuskure ne. Kawo mu je a gyara tun mutumin bai tashi ba."

"Yaya..."

"Yaya me?"



A'i ta matso.

"Ɗan'auta, ka san fa mun tashi daga gidan hayar Ɗanbala. Tun kafin mu sha kwana ya fara zuba buhunan gyaɗa a ɗakin. Ba mu da wurin kwana yau. Wasa kake yi mana, ko?"

"Ba wasa ba ne," ya ce, can ƙasan maƙoshi. "Sunana ne a kai."

"Mun ji sunanka ne a kai, ai ba kurame ba ne mu. Ta yaya ya hau kai?"

Ya kau da kai. Amsar ce ta taho da ƙafarta, tana share gumi da hankici. Mista Cornelius ke nan, akawun da ke kula da rabon gidajen. Baƙo ne a ƙasar, mutumin kirki, ga fara'a. Hausarsa dai ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinsa. Ya zo yana washe baki zai yi barka, sai ya ga fuskoki kamar gidan makoki.

"Lafiya, Malam Salihu?"

"Ina fa lafiya. Ya aka yi gidana ya koma sunan ƙanina?"

Fara'ar Cornelius ta ɗauke.

"Gidanka? A'a. Mama ya zaɓa da bakinsa. Ni na je Sara a kan babur, na tsaya a zaure. Na ce Mama, yara biyu, gida ɗaya, wane ne? Mama ya ce Ɗan'auta."

Kowa ya juya wajen turmi.

A'i ce ta durƙusa gaban surukarta.

"Dada, haka aka yi?"

Tsohuwar ta girgiza kai da ƙarfi, idanunta sun firfito.

"Ni? Ni na ce a ba auta? Yaushe?"

"To me kika ce masa?"

"Ya tsare ni ne, wai in faɗi suna. Ke kuwa kin sani. Ta ina zan fara? Sai na ce masa a tambayi Ɗan'auta."

"A me?" in ji Cornelius.

"A tambayi Ɗan'auta. Shi ya faɗa maka sunan wancan."

Cornelius ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Amma na sake tambaya. Na ce Ɗan'auta? Mama ya ce i, shi."

"I mana, shi za ka tambaya. Har na kwatanta maka shagonsa."

"Innalillahi," in ji A'i. Ta zauna daɓas a ƙasa.

Bari in tsaya nan kaɗan, saboda ku 'yan yanzu da kuke kiran ɗan fari da sunansa har da ƙarin gayu. Salihu shi ne ɗan farin Dada. Tun ranar da aka raɗa masa suna, sunan nan bai taɓa bi ta bakinta ba. Kunya ce, irin ta mutanen da. Kakarsa ce ta goya shi. Dada ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In za ta kira shi, "kai" ne. In za ta ba da labarinsa, "wancan" ne. Yaron maƙwabta mai irin sunan, "takwara" take ce masa. Ko mutum aka yaba aka ce salihi ne, ita sai dai ta ce mutumin kirki. Ga shi yanzu furfura ta fara leƙo wa Salihu a gemu, bai san yadda sunansa yake a muryar uwarsa ba. Duk Sara babu wanda bai san wannan ba. Cornelius ne kaɗai bai sani ba, shi kuma aka aika.

"Me ya sa Mama bai faɗi suna kawai ba?" Cornelius ya tambaya, da gaske yake neman sani. "Ba ɗansa ba ne?"

Babu wanda ya kula shi. Salihu ya riga ya juya kan ƙaninsa, a hankali, kamar mai ciwon wuya.

"To an ji. Dada ta yi kunya, baƙo bai gane ba. Kai fa? Ya zo shagon naka?"

"Ya zo."

"Ya ce me?"

"Ya ce barka, Mama ta ce ni ne."

"Kai kuma ka ce?"



"Godiya ya yi," in ji Cornelius a sanyaye. "Ya ce na gode."

Kai, jama'a. Na gode fa. Yaron da Salihu ya kai wurin koyon ɗinki a kan kekensa, ya tsaya masa har ya buɗe shago.

"Yaya, ka saurare ni."

"Ina jin ka."

"Wallahi na buɗe baki zan ce ba ni ba ne. Na buɗe. Sai ga Alhaji Sabo zaune a kan bencina, ya kawo gyaran aljihu. Komai a kunnensa."

"Baban Turai, wadda za ka aura?"

"Shi. Mutumin da ya ce ba zai ba mai kwana a zaure 'yarsa ba. Mutumin da ko gaisuwata ba ya amsawa sai da ka. Ya tashi tsaye, Yaya. Ya miƙo min hannu. Ya ce ashe kai ne mai gidan gwamnati, mai famfo a tsakar gida?"

"Sai ka yi shiru."

"Na ce gobe zan gyara. Gari na wayewa ya aiko a turo manya."

Salihu ya dafa ƙafar amalanke. Wani abu ne ya faɗo masa a rai, fuskarsa ta sauya.

"Tsaya. Ni na je fa."

"Yaya..."

"Ni na zauna a tabarmar Alhaji Sabo na karɓa maka auren nan. Ya ce tunda yaro ya sami muhalli, ya ba shi. Na ɗauka ɗakin da muka yaɓe maka a gida yake nufi. Har cewa na yi a raina, mutumin nan ashe ba shi da girman kai. Na yi ta zuba masa godiya. Kana bayana a zaune."

"Ina zaune."

"Kana ji."

"Ina ji."

A'i ta ɗago daga inda take, hawaye har haɓa.

"Ashe shi ya sa gwaggwannin Turai suka zo ran nan suna leƙa tagogi, suna auna ɗaki da taku. Ni sakarya na ɗauka murna suka zo taya ni. Har ruwa na nemo musu." Ta juya ga Ɗan'auta. "Labulen nan da ke kan amalanke, wa ya ɗinka min bakinsa?"

Bai ɗago ba.

"Kai ne. A kekenka. Ka ce min ma in ƙara faɗi, tagar ɗakin tsakiya ta fi faɗi. Na ce yaron nan akwai lura."

Ni kam da ni ce A'i, da ba magana zan tsaya yi ba. Amma ita 'yar mutunci ce, ta haɗa kai da gwiwa ta ci gaba da kukanta.

Cornelius ya duba wajen rumfar taro. An fara naɗe tabarmi, direba yana goge gilashin Landiroba.

"Ku ji," ya ce. "Laifi nawa ne, ban ji Hausa da kyau ba. Amma lokaci babu. Oga yana tafiya Kano in an yi azahar. In ya tafi, magana ya ƙare, ko ni ba zan iya taɓawa ba."

"To a gyara yanzu," in ji Salihu.

"Hanya ɗaya ne. Mama ya faɗi suna a gaban Oga. Da baki."

"Ta nuna shi da hannu mana," A'i ta yi caraf. "Ga shi nan tsaye. Ta nuna."

"A'a. Na karɓi rabin magana a Sara, ka ga abin da ya faru. Oga ba zai karɓi hannu ba, ba zai karɓi wancan ba. Suna yake so."

"Ni in faɗa a madadinta," in ji A'i.

"Doka ya ce uba ko uwa. Baba ya rasu." Ya rage murya. "Kuma ku yi hankali. In Oga ya ga rigima, zai karɓe makulli ya ba wani gida. Mutane da yawa suna jira. Ku duka biyu ku rasa."

Ya juya da sauri ya nufi rumfa.

Ƙaramar 'yar Salihu ta leƙo daga saman katifa ta ce, "Baba, yaushe za mu shiga gidan?"

A'i ta ja gwiwa har gaban turmi, ta kama ƙafar Dada.

"Dada, don girman Allah. Kalma ɗaya ce. Ki rufe ido ki faɗa, mu duka za mu toshe kunne. Ki dubi jikokinki a kan amalanke kamar kayan talla."

Tsohuwar ta janye ƙafarta.

"Ke 'yar nan, ki bar ni. Abin da ban yi ina da ƙuruciya ba, yau da furfurata, a gaban maza, a gaban baƙi?"

"Kunyar ce ta kawo mu nan, Dada."

"A'i," in ji Salihu. "Ya isa."

Bai roƙi uwarsa ba. Bai iya ba. Tunda yake bai taɓa tsayawa gabanta ya nemi wani abu kai tsaye ba, sai dai ya aika ko ya faɗa wa bango ta ji. Ya tsaya nesa kaɗan, ya juya mata gefe, yadda ya saba.

Ɗan'auta kuwa auta ne. Shi a cinyarta ya girma, shi yake cin sauran tuwonta, shi yake shiga ɗakinta ba sallama. Ya zube a ɗaya gefen, ya kifa kai a gwiwarta.

"Dada, Juma'a mai zuwa ne ɗaurin auren. An raba goro har Gwaram."

"Ka cuce ni, auta. Ka cuce ni."

"Na sani. Amma in aka karɓe makullin nan, Alhaji Sabo zai fasa. Duk kasuwa za a ce ga maƙaryacin da ya auri 'yar mutane da gidan yayansa. Wa zai ƙara kawo min ɗinki? Da wane ido zan bi ta ƙofar masallaci?"

"Da wane ido ka kalle ni watannin nan?" in ji Salihu, bai juyo ba.

Ɗan'auta ya yi kamar bai ji ba. Ya ƙara ƙanƙame gwiwar tsohuwar.

"Ba zan koma Sara ba, Dada. Na rantse miki. Daga nan tasha zan wuce, in hau motar Ikko. Ba za ki ƙara ganina ba."

"Rufe min baki."

"Shi Yaya yana da aiki. Yana da albashi, mutane suna ganin girmansa. Ko'ina ya je za a ba shi ɗaki. Ni ba ni da komai sai wannan."

Kun ji ɗan banzan wayo? Ya san inda zai taɓa, can ya taɓa.

Sai ga Cornelius ya dawo, babban jami'in yana biye da shi, dogo, cikin farar shadda, yana duba agogon hannu. Mutanen da suka rage a fili suka fara matsowa, don kun san mu da son ganin ƙwaƙwaf. Ɗan'auta ya miƙe da sauri ya goge fuska. A'i ta gyara lulluɓi.

"Sannu, Inna," in ji jami'in. Shi Bahaushe ne, kallo ɗaya ya yi wa tsohuwar da mayafinta ya gane inda matsalar take. Ya ɗan sassauta murya. "An ce an sami rashin fahimta. Na san abin da nauyi, amma aikin hukuma ne, sai da suna. Cikin 'ya'yanki biyu, wa za a ba gidan?"

Dada ta ƙara jan mayafinta.

"Inna, hanya ce a gabana."

Daga cikin gari aka fara kiran sallar azahar.

A'i ta runtse ido, leɓɓanta suna motsi. Hannun Ɗan'auta yana cikin aljihu, ya damƙe makullin. Cornelius ya cire murfin biro.

Sai Dada ta ɗaga hannu ta sauke mayafin daga bakinta.

Ta dafa turmi ta miƙe. Ta taka, ta wuce jami'in, ta wuce auta, ta zagaya har ta tsaya a gaban ɗanta na fari. Ta ɗaga kai ta kalle shi cikin ido. Shi ne ma ya rasa inda zai sa nasa idon.

Bakinta ya buɗe ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Sa... Salihu."

Wata tsohuwa cikin 'yan kallo ta dafe ƙirji. Ɗan'auta ya ja da baya har ya bugi amalanke. A'i ta kifa goshi a ƙasa tana faɗin alhamdulillahi, alhamdulillahi, kuka da dariya a haɗe.

Shi kuwa Salihu, gidan ma fita ya yi daga kansa. Ashe haka sunan yake. Ta ɗan ja ƙarshensa, kamar mai tsoron kada ya fashe mata a baki. Ƙaton mutum mai iyali, sai ga hawaye shar a gemunsa. Ya durƙusa a gabanta.

"Na'am, Dada," ya ce. "Na'am."

"Madalla," in ji jami'in. "An ji. Rubuta Salihu, a karɓo makullin."

Cornelius ya ɗora biro a kan takarda.

"Dakata, ɗan nan," in ji Dada, ba ta ko waiga ba. "Ba amsa na ba ku ba. Ɗana na kira."

Biron ya tsaya. A'i ta ɗago kai a hankali, ƙasa a goshinta.

Dada ta miƙa hannu, ta ɗora a kan hular Salihu, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta haife shi.

"Salihu," ta sake cewa, wannan karon bai sarƙe mata ba. "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka bar wa ƙaninka gidan nan."